Skinny Puppy: Makaɗan da Suka Ƙi Yi wa Kunne Daɗi

A shekarar 1984 wasu samari biyu a birnin Vancouver da ke yammacin Kanada suka naɗi kiɗansu a gida, suka kwafa shi a kaset da kansu, kwafi 35 kacal, suka sa masa suna Back & Forth. Dukansu sunansu Kevin, sai kowa ya sake nasa: Kevin Crompton ya koma cEvin Key, shi kuma Kevin Ogilvie ya juya nasa ta baya ya zama Nivek Ogre. Ƙungiyar da suka kafa tun 1982 sun raɗa mata Skinny Puppy, wato ramammen kwikwiyo. Sun yi kusan shekara 40 ana damawa da su, in aka cire wani dogon hutu a tsakiya, amma ba su taɓa fitar da waƙar da ta cika gidajen rediyo ba. Waɗanda suka koyi hannu a wajensu kuwa sun sayar da faifai miliyoyi.

Masu bin tarihin wannan kiɗa sukan ɗora abin a kan rashin sa'a, da miyagun ƙwayoyi, da rigima da kamfanonin faifai. Duk waɗannan sun faru, kuma za mu zo kansu. Amma a ganina tushen lamarin yana cikin abin da suka ɗauka shi ne aikin kiɗa tun farko. Su ba faranta rai suka fito yi ba. Sun fito ne su sa mai sauraro ya ɗanɗani halin wanda aka ɗaure ana gana wa azaba, kuma wanda ya ɗauki wannan sana'a bai kamata ya yi mamaki ba in kasuwarsa ba ta cika ba.

Sai an san inda wannan salo ya fito kafin a gane su. A tsakiyar shekarun 1970 wata ƙungiya a Ingila mai suna Throbbing Gristle ta kafa kamfaninta na faifai, Industrial Records, kuma daga nan sunan kiɗan masana'antu ya samo asali. Abin da suke yi ƙara ce zalla: tsiwar na'ura, kukan ƙarfe, muryoyin da aka naɗo aka yayyanka, da batutuwan da mutane ba sa son ji, irin su kisa da sansanonin azaba da yadda hukuma ke juya tunanin jama'a. A Sheffield, garin ƙarafa da masana'antunsa ke durƙushewa a lokacin, akwai Cabaret Voltaire. A Berlin ta Yamma kuma Einstürzende Neubauten, waɗanda suka fara a 1980, suna dukan tarkacen ƙarfe da injin huda bango a matsayin kayan kiɗa. A ɗaya ɓangaren akwai kiɗan lantarki mai tsari da awo, wanda Kraftwerk na Jamus suka share wa hanya, Front 242 na Beljiyam suka ƙara masa nauyi har ya zama na rawa a gidajen dare. Salon da ake kira electro-industrial auren waɗannan gidaje biyu ne. Ya ɗauki ƙazantar sauti da baƙin batu daga na farko, ya ɗauki bugun na'ura mai kama jiki daga na biyu. Skinny Puppy na cikin waɗanda suka ɗaura wannan aure, wasu ma na cewa su ne waliyyai.

Abin da ya sa samari marasa kuɗi suka iya yin haka a ɗaki shi ne faɗuwar farashin kayan aiki. Injin ganga na Roland TR-808 ya fito a 1980. Sintesaiza ta Pro-One, wadda Key ya yi aiki da ita sosai, ta fito a 1981. A 1983 kamfanoni suka amince da tsarin MIDI, wanda ya ba na'urori daban-daban damar bin umarni ɗaya a lokaci ɗaya. Sannan a tsakiyar shekarun 1980 aka sami na'urorin gutsuro sauti masu rahusa irin su Ensoniq Mirage, da ba ta kai dala 2,000 ba, alhali irinta ta farko, Fairlight, kuɗinta ya kai dubun-dubatar daloli. Da wannan na'ura mutum zai naɗo ƙarar ƙofa ko ihun mace a fim, ya ɗora a kan madanni, ya riƙa kaɗa shi yadda ake kaɗa fiyano.

Wanda bai taɓa jin su ba zai so a kwatanta masa. A ƙasa akwai bugun injin ganga, mai tauri, ba ya gajiya. Key asalinsa mai ganga ne, a wata ƙungiyar kiɗan zamani mai suna Images in Vogue yake kafin ya gundura da santsin kiɗansu, don haka yakan ɗora bugun hannu da dukan ƙarfe a kan na injin, ya hana shi zama daidai wa daida. A kan wannan sai kaurin sautin sintesaiza yana maimaita 'yan gaɓoɓi kaɗan. Sai gutsattsarin maganganu daga finafinan ban tsoro da labaran talabijin da rediyo, suna shigowa suna fita, wani ka kama kalma biyu, wani ka rasa. Sannan muryar Ogre. Ba rerawa yake ba, gurnani ne da shaƙewa, an bi da shi ta na'urar da ke farfasa murya da wadda ke maimaita ta, kalmomin kuma a kakkarye suke, jimla ba ta kai ƙarshe sai wata ta hau kanta. Kamar mutum ne ya tsaya kusa da injin niƙa yana aiki, ga rediyo ana ta murɗa tasha, ga wani a bayan ɗaki yana kiran a cece shi. Abin mamakin shi ne a ƙarƙashin wannan hargitsi sau da yawa akwai karin waƙa mai taushi da ban tausayi, wanda sai a sauraro na uku ko na huɗu kunne ke tsinto shi. Su da kansu suna cewa sassaƙar sauti suke yi.

Tunanin da aka gina ƙungiyar a kai shi ne kallon duniya da idon kare: dabbar da ke ganin duk abin da ɗan Adam ke aikatawa, ana dukanta, ana korarta, ba ta da bakin kai ƙara. Waƙarsu ta farko ma a kan haka take. Duk abin da suka yi bayan nan, daga batun dabbobi zuwa na yaƙi zuwa na gurɓata muhalli, daga wannan mazauni suka kalle shi, wato daga ƙasa, daga wajen wanda ake yi wa.

Wani ƙaramin kamfani na Vancouver, Nettwerk, wanda shi ma a lokacin yake tatata, ya ɗauke su ya fitar da Remission a 1984 da Bites a 1985. Furodusansu Dave Ogilvie, wanda ake kira Rave kuma ba ɗan'uwan Ogre ba ne duk da sunan ya zo ɗaya, ya zama kamar ɗan ƙungiya. Bill Leeb ya yi zama da su na ɗan lokaci, ya fita a 1986 ya kafa Front Line Assembly, wadda ita ma ta zama babbar ƙungiya a wannan fage. Wanda ya maye gurbinsa shi ya canza komai. Dwayne Goettel mutumin Edmonton ne da ya yi karatun fiyano na gargajiyar Turai, kuma ya iya na'urar gutsuro sauti kamar shi ya ƙera ta. Kafin zuwansa kiɗan Skinny Puppy siriri ne, ana iya ƙirga abin da ke ciki. Bayan zuwansa ya zama hawa-hawa, sauti a kan sauti, har mai sauraro ya rasa inda zai sa kunne. Mind: The Perpetual Intercourse na 1986 da Cleanse Fold and Manipulate na 1987 su ne matakalar.

Kundin da ya fi nuna ko su wane ne ya fito a 1988, VIVIsectVI. Babban batunsa shi ne yanka dabbobi da ransu a ɗakunan gwaji da sunan bincike. Waƙar Testure a kan haka take kai-tsaye, kuma har ta shiga jerin waƙoƙin rawa na mujallar Billboard, abin da ba kasafai yake faruwa da su ba. Akwai VX Gas Attack a kan makamai masu guba a yaƙin Iran da Iraki, a shekarar da aka halaka dubban Kurdawa da iskar guba a garin Halabja. Akwai batun cutar ƙanjamau da sharar asibitoci. A lokacin da yawancin kiɗan lantarki na soyayya ne da rawa, waɗannan suna tura wa matasa labarin da jaridu ke sakawa a shafukan ciki.

A dandamali abin ya fi haka tsanani. Ogre yakan fito jina-jina da jinin bogi, a rataye shi, a yi kamar an kashe shi, bayansa kuma majigi yana haska hotunan gaske na dabbobin da ake gwaji a kansu. A rangadin 1988 yakan sa rigar mai bincike ya feɗe wani kare na roba da tsumma da suke kira Chud, sannan daga baya shi ma a mayar da shi abin gwajin. A birnin Cincinnati na jihar Ohio wani daga cikin 'yan kallo ya ɗauka karen na gaske ne, ya kira 'yan sanda. Ko da aka tabbatar ba dabba ba ce, cacar baki ta riga ta kaure, aka kama Ogre da Key da manajan rangadin, suka kwana a ofishin 'yan sanda, aka ci su tara. Ina ganin wanda ya kira 'yan sandan ya yi abin da mai tausayi zai yi, kuma abin da ƙungiyar ke nema ke nan. Tambayar da wasan ke jefa masa ita ce: in zuciyarka ba ta iya jure ganin kare ɗaya a dandamali ba, ina labarin waɗanda ake yi wa haka da gaske kullum, a bayan ƙofa, bisa izinin doka?

Wannan hanya tana da haɗarinta, kuma bai kamata mai son su ya rufe ido a kai ba. Jini da ihu suna iya zama abin nishaɗi. Cikin masu zuwa kallo akwai waɗanda batun dabbobi ko yaƙi bai dame su ba, tsoron kawai suka zo saye. Bidiyon waƙar Worlock, wanda aka harhaɗa da munanan wuraren kisa daga finafinan tsoro, gidajen talabijin ba su iya nuna shi ba, kuma a cikin waƙar akwai muryar Charles Manson, mutumin da ya sa mabiyansa suka yi kisan gilla a 1969. Ƙungiyar na cewa madubi take riƙe wa jama'a. Na yarda da niyyarsu, domin shekara da shekaru ba su kauce daga ɓangaren wanda aka zalunta ba. Amma wanda ya nuna mummunan abu ba shi da iko a kan abin da mai kallo zai tafi da shi gida, kuma wannan matsala za ta dawo musu ta inda ba su zata ba.

A wancan rangadi na 1988 wata sabuwar ƙungiya daga Cleveland ce ke buɗe musu fage a wasu garuruwa, Nine Inch Nails ta Trent Reznor. Reznor bai ɓoye ba cewa waƙarsa Down in It daga Dig It ta Skinny Puppy ya ɗauko ta. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne ke nuna dalilin da ya sa kasuwar Skinny Puppy ba ta cika ba. Reznor ya ɗauki injin ganga da farfasasshen sauti, amma ya zuba su a cikin ginin waƙa da kowa ya saba da shi: baiti, amshi, baiti, amshi, murya a fili, batun kuma ciwon zuciyar mutum ɗaya, wanda kowane saurayi zai ce da shi ake. Kundinsa na 1989 da na 1994 sun sayu miliyoyi. Ministry ta Al Jourgensen ta bi wata hanyar, ta cika kiɗan da jita mai nauyi ta jawo masu son kiɗan metal. Skinny Puppy ba su da amshin da za a kama, ba a jin kalmomin sosai, batun kuma ba na mai sauraro ba ne, na wani ne da ake so ya tausaya wa. Rediyo ba ta da inda za ta ajiye irin wannan.

Sun ɗan leƙa hanyar jita. Jourgensen ya taya su haɗa Rabies a 1989, kundin da ke ɗauke da Tin Omen, wadda ta haɗa kisan dandalin Tiananmen a Sin da na ƙauyen My Lai a Vietnam da na ɗaliban jami'ar Kent State a Amurka. Magoya baya suka rabu biyu a kansa, cikin gida ma aka sami tsami, domin Ogre ya bi Ministry rangadi maimakon a tallata kundin. Da suka dawo, sai suka ƙara nutsawa cikin duhu maimakon su sassauta. Too Dark Park na 1990 a kan lalata muhalli yake, Last Rights na 1992 kuwa shi ne mafi wuyar sauraro, wasu wuraren ma ginin waƙar rushewa yake gaba ɗaya. Ogre yana cikin tsananin shaye-shaye a lokacin, kuma ana jin haka a muryarsa. Da yawa cikin masoyansu suna ɗaukar waɗannan biyun a matsayin ƙololuwar aikinsu, ni ma ina tare da su.

A Last Rights akwai wani giɓi da ke nuna yadda doka ta fara shaƙe wannan sana'a. Babu waƙa ta 10 a faifan. An yi ta, sunanta Left Handshake, tana ɗauke da muryar Timothy Leary, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka da ya yi suna wajen yaɗa ƙwayar LSD, daga wani tsohon faifai, shi Leary ya yarda, amma mai haƙƙin mallakar faifan ya ƙi. Wannan ya zo ne jim kaɗan bayan wata kotu a New York, a ƙarshen 1991, ta yanke hukunci a shari'ar mawaƙin rap Biz Markie cewa ɗaukar gutsuren faifan wani ba da izini ba sata ce. Daga nan kamfanoni suka shiga tsoro. Kiɗan da aka gina a kan tsince-tsincen muryoyi ɗari daga finafinai da labarai ya zama abu mai tsada da haɗari, kuma ƙananan ƙungiyoyi ne suka fi jin jiki.

A 1993 suka bar Nettwerk suka sa hannu da kamfanin American Recordings na furodusa Rick Rubin, suka koma Malibu a California don naɗar The Process. Nan ne komai ya wargaje. Gobarar daji ta kore su, ambaliya ta biyo baya, girgizar ƙasa ta Northridge a Los Angeles ta zo a Janairun 1994. Aka yi ta canza furodusa, kuɗi suna ta zuba, Ogre yana ja gefe ɗaya, Key da Goettel suna ja ɗaya gefen, ƙwaya kuma tana cin su. Ogre ya fice a watan Yunin 1995. Ranar 23 ga Agusta aka sami Goettel ya rasu a gidan iyayensa a Edmonton sakamakon heroin da ta yi masa yawa, yana da shekara 31. Akwai masu yi wa irin wannan mutuwa ado, su ce kuɗin fasaha ne. Ban yarda ba. Mutum ne mai baiwa da ya je gida neman lafiya, ƙwaya ta kashe shi, kuma sautin da ya kawo wa ƙungiyar bai sake dawowa yadda yake ba. Key da Rave suka ƙarasa kundin, ya fito a 1996, aka sadaukar masa.

Kowa ya kama gabansa. Key ya ci gaba da ƙungiyarsa ta Download da kamfanin Subconscious, Ogre ya kafa ƙungiyar ohGr tare da Mark Walk. Sai a watan Agustan 2000 suka sake hawa dandamali tare a wani biki a Dresden ta Jamus, inda magoya bayansu na Turai suka daɗe suna jira. Da Walk a matsayin na uku suka fitar da The Greater Wrong of the Right a 2004, wanda ya caccaki siyasar yaƙi ta zamanin George W. Bush, sai Mythmaker a 2007 da HanDover a 2011. Kiɗan ya fi tsabta, kwamfuta ta maye gurbin tsofaffin na'urori, haushin dai yana nan.

A wannan tsakanin ne wani tsohon mai gadi a kurkukun Guantanamo, wanda shi ma mai son kiɗansu ne, ya sanar da su cewa ana kunna waƙoƙinsu da ƙarfi don azabtar da fursunoni. An san da wannan ɗabi'a tun kafin nan. A sansanin da Amurka ta buɗe a Kyuba a 2002, wanda kusan duk waɗanda aka tsare a ciki Musulmi ne kuma mafi yawansu ba a taɓa gurfanar da su gaban kotu ba, an riƙa ɗaure mutum a ɗaki ana sakar masa kiɗa na tsawon sa'o'i don a hana shi barci a karya masa zuciya. An yi amfani da Metallica da Nine Inch Nails, har da waƙoƙin shirye-shiryen yara na talabijin. Amma a wajen Skinny Puppy abin ya fi zafi, domin su ne suka shafe rayuwarsu suna magana da bakin wanda ke cikin keji. Martaninsu shi ne kundin Weapon na 2013, da takardar neman biyan dala 666,000 da suka aika wa ma'aikatar tsaron Amurka, labarin da ya bazu a farkon 2014. Key ya bayyana cewa ba kuɗin ne gabansu ba, so suke duniya ta ji. Ma'aikatar ta ce takardar ba ta iso gare ta ba.

Akwai masu cewa ai abin ya dace da su: kun yi kiɗan da ke cutar da kunne, ga shi an cutar da mutane da shi. Wannan magana ba ta tsayawa, kuma waƙoƙin yaran nan su ne shaida. In waƙar da aka yi don jarirai za ta iya zama bulala, to muguntar ba a cikin sautin take ba. Tana cikin sarƙa, da kullen ƙofa, da hana barci, da rashin ikon cewa a kashe. Wanda ya sayi tikiti ya shiga wasan Skinny Puppy ya zaɓi a tayar masa da hankali na awa biyu, kuma ƙofa a buɗe take. Fursunan bai zaɓi komai ba. Abin da dai ya tabbata shi ne wancan haɗari da na ambata: da zarar sauti ya bar hannun mai shi, niyyarsa ba ta bin sa. Sun yi abin da ya rage musu, wato su fito fili su ce ba da yawunsu ba, su sa farashi a kai don jaridu su ɗauka. Sunansu ya shiga manyan kafafen labarai na duniya a wancan mako fiye da yadda wata waƙarsu ta taɓa shigar da shi.

Weapon ne ya zama kundinsu na ƙarshe. A 2023 suka yi rangadin bankwana a Amurka da Kanada, wurare da dama tikiti ya ƙare tun kafin ranar, cikin 'yan kallo akwai masu furfura da suka san su tun zamanin kaset da kuma yaran da aka haifa bayan rasuwar Goettel. Wasan ƙarshe a Los Angeles aka yi shi, a watan Disamba.